Geron da Muka Binne a Gindin Tsamiya

Shekarun baya, tun Turawa na mulki, wannan ƙauyen namu ba ƙauye ba ne, daji ne da duwatsu da birai. Mu ma ba 'yan ƙasar Katsina ba ne. Daga arewa muka zo, can bayan Maraɗi, ɓangaren da Faransa ke riƙe da shi. Jikokina in na faɗa musu haka sai su kwashe da dariya, su ce ashe shi ya sa harshena ke karkacewa in na yi fushi. To, yau zan ba ku labarin yadda saura ƙiris garin nan ya watse tun bai zauna ba, saboda wata ɗabi'a da muka ɗauko daga gida.

Abu biyu suka koro mu: aikin dole da kwasar hatsi. Ni kaina an taɓa ɗibata aikin hanya, na yi wata da watanni ina ɗaukar dutse, na dawo tsakar kaina ba gashi, kuma har yau bai dawo ba. Hatsi kuwa, da an gama girbi sai mutanen kumandan, wato Baturen da ke mulkin yankinmu, su zo su ce a kai wani kaso rumbun ajiya, wai saboda ranar yunwa. Abin da ya shiga rumbun nan ba mu ƙara ganinsa da idonmu. Shi ya sa mutanenmu suka koyi binne hatsi. A haƙa rami mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki kamar tulu, a shimfiɗa ƙaiƙayi da toka, a zuba tsaba, a rufe, a ɗaure awaki a kai. Ƙasarmu rairayi ce busasshiya, gero kan shekara a ciki bai san an yi damina ba. Ramin nan ya ciyar da mu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Da abin ya ishe mu, mahaifina ya tara 'yan gidaje kaɗan, duk dangi, muka taso bayan kaka da jakuna da awaki. Ni ne ɗansa na fari, ban daɗe da aure ba a lokacin. Dukiyarmu duka ita ce irin gero, wanda aka zaɓo daga zangarniya mafi kyau, aka sussuke, aka ɗinke a cikin taiki. Yara sun kwana da yunwa a hanya kan jakin da ke ɗauke da shi, ba wanda ya ko kalli bakin taikin.

A kasuwar Batsari wani mahauci ya ji harshenmu, ya tambaye mu daga ina, ya kwatanta mana wani mai gari da ke neman mutane, can wajejen Karare. Muka je muka faɗi muka yi gaisuwa. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Ya kai mu da ƙafarsa har bakin daji, ya nuna daga wani dutse zuwa wata ƙorama, ya ce mu sare mu zauna.

"Amma Malam, ka ji sharaɗi," in ji shi. "Wuri na wanda ya shuka shi ne. In damina ta wuce ba tsiro a nan, ba ni da bakin ce wa hakimi ku mutanena ne. Sai a ɗauke ku 'yan cin rani, a ba wasu wurin. Kuna da iri dai ko?"

Mahaifina ya dubi ƙasa. "Allah shi na nan, ranka ya daɗe."

"Allah kam yana nan. In kuna da shi, ku kawo in ajiye muku a rumbuna kafin ku gina naku. Ƙasar nan akwai gara."

Na ga wuyan mahaifina ya sandare. Ya yi godiya mai tsawo, har da addu'a, amma da muka juya baya sai ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ka jiya? Rumbun ajiya. Abin da munka gudo ma shi ke nan, ga shi ya riga mu isowa." Ni ma a ranar haka na ɗauka, kada in yi muku ƙaryar wayo.

Washegari muka shiga neman wurin rami. Ƙasar tudu duk tsakuwa ce da marmara, fartanya sai ta yi tsalle ta dawo. Sai a gangare, kusa da busasshiyar ƙoramar nan, a gindin wata tsamiya, muka sami ƙasa mai laushi. Muka yi murna, mu a dole mun yi dabara. Ni na shiga na haƙa, mahaifina yana karɓar ƙasa. Aka zuba irin kowane gida wuri ɗaya, aka rufe, aka kafa turaku aka ɗaure awaki. Mahaifina ya sa kowa ya yi alkawari ba zai faɗa wa ɗan ƙasar nan ba, ko da wasa.

Rani ya yi mana tsawo. Da safe mu sari daji, da rana mu je ƙodago ƙauyukan kusa, a biya mu da dawa. Mata suka kewaye bukkoki da zana, suna haɗa dawar da ganye don ta kai. Mutanen wajen suka sa wa wurin suna Tungar Baƙi, in mun shiga kasuwa yara na kwaikwayon maganarmu. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne wata rana da na je kwance awaki, na ga hanyar gara ta hau jikin tsamiyar nan, ja wur, sabuwa, ga wata ta bi turke ta cinye shi har rabi.

Na sami mahaifina na ce, "Baba, ko mu buɗe mu duba? Akwai gara a wurin nan."

"Gara ba ta ƙetare toka," in ji shi. "In ka buɗe yau, gobe labari ya kai kasuwa. Bar shi sai ruwa ya sauka."

Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin tuwo ba. Ina saran itace, hankalina na gindin tsamiya. Da na sami sarari sai in je in tsuguna can ina shinshina ƙasa, har matata ta fara tambayata ko wata akuya ce ba ta da lafiya. Ni mutum ne mai tsoro tun asali, ban taɓa ɓoyewa ba, amma wannan tsoron daban ne. In irin nan ya lalace ba mu da na saye, ba mu da wanda za mu roƙa tunda mun nuna ba mu da komai, kuma hanyar komawa gida tana ƙarewa ne a hannun mutanen kumandan.

Sai ruwan farko ya zo, wata rana bayan azahar. A ƙasarmu ruwan farko rairayi ke shanye shi nan take, kafin ka fito daga ɗaki ƙasa ta tsotse. Nan kuwa duk ruwan da ya sauka a kan duwatsu sai ya taru ya gangaro. Ƙoramar da muka sani busasshiya ta cika ta yi ambaliya, muna tsaye a bakin bukka muna kallon jan ruwa ya kewaye tsamiya, awaki na kuka ruwa har cikinsu. Na ruga na kwance su. Ƙafata na kan bakin ramin, ina jin ƙasar tana motsi a ƙarƙashina kamar kunu. Ruwan bai janye ba sai da rana ta faɗi. Mahaifina ya ce da gari ya waye za a buɗe.

Gari ya waye, mun fito da fartanya ke nan, sai ga baƙi biyu sun ɓullo ta hanya. Ɗaya wakilin mai gari ne a kan jaki, mun san shi. Ɗayan yana tura keke cikin taɓo, sanye da kaki. Kaki! Ai kafin ka ce wani abu fartanyu sun ɓace, samari biyu sun faɗa bayan zana. Daga baya muka san malamin daji ne, ya zo nuna mana iyakar gandun daji kafin a fara shuka, don kada mu shiga. Amma mu a wurinmu duk mai kaki abu ɗaya yake zuwa yi.

Mun riga mun sare itatuwan wurin, inuwar kirki ɗaya ta rage, ita ce tsamiya. Can baƙin suka nufa. Ƙasar bakin ramin ta ɗan lotsa, ta fitar da zobe, duk mai ido zai gane an taɓa haƙa wurin. Mahaifina ya fizgi zana da tabarma ya shimfiɗa daidai a kai, ya ce, "Bismilla, ranka ya daɗe." Malamin daji ya cire takalmi ya zauna daram a kan irinmu.

Aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya baƙunta, yaya iyali, yaya mai gari, a dawo a sake daga farko. Ban taɓa jin haushin gaisuwa irin na ranar ba. Hantsi ya yi, aka tashi aka zaga iyaka, malamin yana nuna itatuwan da aka yi wa alama, ni ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ce a raina daga nan sai su wuce. Ina! Suka dawo suka sake zama, don wakili ya ce ba a zuwa gidan mutum a ƙi cin abincinsa. Rana ta take, ƙasa ta ɗauki zafi, sai wani tsami-tsami ya fara tasowa daga ƙarƙashin tabarma.

Malamin daji ya ɗaga hanci. "Malam, gero ake jiƙawa ne? Kamar ƙamshin gasara nake ji."

"Awaki ne, ranka ya daɗe," in ji mahaifina. "Nan suke kwana."

Ina durƙushe a gefe, gumi na bin bayana. Na san abin da tsamin nan ke nufi. Gero ya sha ruwa, zafi ya kama shi, in ya ƙara yini a rufe sai dai a zuba wa kaji.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tunda ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana son wani abu a wurina sai ta faɗa wa ƙanwata, ko daga baya matata. Ita da matata suka kawo ɗan abin da aka dafa, suka durƙusa nesa kaɗan suka gaida baƙi. Sai na ga Inna ta zaro fartanya daga cikin mayafinta ta ajiye a ƙasa, ta tura ta wajena da hannu. Ba ta dube ni ba. Ta dubi matata, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Ke, gaya ma mijinki, ni ban hana ma ɗiyana abinci bisa hanya ba don geron ga shi ruɓe ƙarƙashin baƙo."

Wakili ya dubi malamin daji, malamin daji ya dubi tabarmar da yake kai. Mahaifina ya juyo ya zuba mini ido, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kai, in ka taɓa wurin ga, kai ka sani."

Ban taɓa saɓa masa ba tunda aka haife ni. Ga shi a gefe, ga kaki a gefe, ga fartanya a gaban gwiwata. Wallahi ba jarumta ba ce, tsoro ne ya fi tsoro ƙarfi. Na ɗauki fartanyar, na ce da malamin daji, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, a ɗan ɗaga." Bawan Allah ya tashi da sauri har ya manta takalminsa.

Da na tone ƙasar na ɗaga itacen da muka rufe bakin ramin da shi, wani zafi da wari suka bugo ni. Geron da ke sama ya yi baƙi, ya dunƙule da fumfuna. Gara ta shigo ta gefe ta cinye ƙaiƙayin da muka dogara da shi. Can ƙasa ruwa ne kwance. Na tsakiya kawai ya rage, shi ma ya kumbura, kowace ƙwaya ta fitar da ɗan farin tsiro. Ina miƙo shi da ƙwarya, mata na karɓa suna kuka.

Wakili ya leƙa ramin, ya ɗebi geron a tafin hannu ya murza. "Wannan shi ne irinku duka?"

Ni na ce, "Shi ke nan."

Ya yi salati, ya kakkaɓe hannu. Bai taɓa abincin ba, bai yi sallama ba, ya haye jakinsa yana dukansa da dunduniya. Malamin daji ya bi shi da keke.

"To, ka gani," in ji mahaifina. "Sun tafi kiran dogarai. Mun ɓoye ma sarki hatsi cikin ƙasarshi, mun zaunar da mai kaki bisa ƙarya. A ɗaure kaya."

Muka baza geron a inuwa a kan tabarmi. Na ce mu shuka ko kaɗan ne kafin duhu, ya ce wa ke shuka gonar da zai bari gobe. Ko da ya yarda ma, mu nawa ne? Yunwar rani ta cinye mu, sungumin shuka bai fi biyu ba a duk tungar, ga gonaki sun miƙe daga dutse har ƙorama. Irin da ya riga ya tsiro kuwa ba ya jira. Na zauna ina kallonsa a kan tabarma, ina jin ni na kashe garin da hannuna, ga uba na fushi da ni, ga matata na ɗaure 'yan kwanukanta a tsumma.

Da sassafe muka ji ganga. A gida, ganga da safe kiran aikin dole ne, kuma samari ake fara ɗiba. Ni jarumin jiya ban san lokacin da na kai bayan dutse ba. Daga can na leƙo, na hango mutane a jere suna tahowa, kowa da dogon abu a kafaɗa. Na ce shi ke nan, har da bindigogi. Sai na ga mata a bayansu da ƙore a ka, har da masu goyo. Na ce yau kuma wane irin kame ne da masu goyo? Da suka matso na gane abin da ke kafaɗunsu. Sungumi ne. Gayya ce mai gari ya kira, ga shi nan a gaba da kansa, ya naɗe ƙafar wando.

Na sauko ina kakkaɓe riga kamar wanda ya je wani uzuri. Mahaifina na tsaye riƙe da igiyar jaki, kaya a ɗaure. Ya durƙusa zai fara gaisuwa, mai gari ya ɗaga hannu.

"Gaisuwa sai an jima, Malam. Geron nan ba zai kai gobe ba. Ina yake?"

Mahaifina bai motsa ba. "Ranka ya daɗe, mi za a ɗauka ciki?"

Mai gari ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. "Ko ƙaiƙayi ba ma so. Sauke wa jakin nan kaya, ya gaji."

Ku tuna, su ma ruwan nan ya sauka a gonakinsu, kowa na da tasa shukar tana jira. Suka bar ta suka zo. Maza na gaba suna sara, mata da mu muna biye muna jefa iri a hankali don kada tsiron ya karye, muna rufewa da ƙafa. Wasu sun zo da irin dawa a ƙwarya, suka ce gangaren nan ba na gero ba ne, dawa yake so, suka shuka mana ita ba tare da sun tambaye mu ba. Kafin la'asar tabarmin nan sun zama wayam.

Ba duka ya fito ba, wajen rabi ya mutu a ƙasa. Dawar ce ta rufa mana asiri. Wasu gidajen ba su iya jurewa ba, bayan kaka suka ƙara gaba wajen Zamfara. Mu da muka rage muka gina rumbuna a sarari, a kan duwatsu, hakimi ya san da zamanmu, aka haƙa rijiya, daga baya aka yi masallaci. Yau ga makaranta, ga babura na kai da kawowa zuwa Safana, yawancin yaran garin ba su ma san kakanninsu baƙi ba ne.

Mahaifina bai yi mini magana ba duk daminar nan. Sai ranar da aka gama girbi ya zaɓi zangarniyar iri ya ajiye a gabana, ya ce daga yau ni zan riƙa adanawa, inda na ga dama. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Da wane baki? Tsoron nan nasa shi ya raya mu a can, ya fito da mu lafiya. Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba sai da na gani, shi ne dabarar da ta cece ka a wata ƙasa tana iya halaka ka a wata, kuma mutum ya fi saurin sauke kayan jaki a kan ya sauke abin da aka yi masa.

Abin da ke sa ni hawaye in na tuna shi ne mahaifina bai taɓa yarda cewa gayyar nan kyauta ce ba. Kowace kaka sai ya ware dami ɗaya mafi kyau ya jingine a zaure, ya ce za su zo karɓar nasu. Mai garin ya rasu, ɗansa ya gaje shi, Turawa ma suka tafi, bai fasa ba. A ciwonsa na ƙarshe, ina zaune a gefensa, ya buɗe ido ya ce, "Kai, har yanzu ba su zo ba?"

Na ce, "Ba su zo ba, Baba."

Ya ce, "To, ka dai aje musu."

Na bana yana nan a zaure.